Lagar Pilsen a Tukunyar Kicin: Nazarin Sauya Haɗi Daga Tsiro Zuwa Maɗi

Takardar haɗin gajeriya ce: tsiron sha'ir nau'in Pilsner kilo 4, tsiron Munich giram 300, Carapils giram 200, furen hop (mai ba giya ɗaci da ƙamshi) na Saaz giram 130 da za a zuba kashi uku, sai yis ɗin laga, wato giyar da ake tsimawa a sanyi. Daga wannan ake son fitar da lita 20 na giya mai launin zinariya, irin wadda mutanen Jamhuriyar Cek suke kira mai digiri 12, digirin yawan sukari ba na zafi ba. Masu dafa giya a gida a Amurka da Jamus da Ingila sun san irin wannan takarda, domin da wuya ka samu wanda ya daɗe a harkar bai taɓa gwada kwaikwayon lagar garin Pilsen na ƙasar Cek ba. Daga gare ta mafi yawan fararen lagar duniya suka samo asali. Josef Groll, mutumin Bavariya ta ƙasar Jamus, shi ya fara dafa ta ranar 5 ga Oktoba, 1842, a sabon gidan giyar da mutanen garin suka haɗa hannu suka gina.

Mu ɗauki mutum ɗaya cikin masu riƙe da wannan takarda a Amurka. Ya saba dafa haɗin a garejin gidansa, da tukunyar lita 40, da murhun gas na waje, da babban mazubin jiƙa tsiro. Sai zama ya mayar da shi gidan haya a saman bene, inda babu gareji, babu tsakar gida, kuma ba a yarda a kunna gas a baranda ba. Abin da ya rage masa murhun lantarki ne na kicin, tukunya mai cin lita 15, da ƙaramin firiji da ya riƙe ya ƙi sayarwa. Giyar da ya sani yake so, amma jiƙa kilo huɗu da rabi na hatsi da tafasa kusan lita 28 na ruwa sun fi ƙarfin wannan kicin. Hanyar da ta rage ita ce ya daina farawa daga hatsi, ya sayi ruwan tsiron da masana'anta ta riga ta tace ta ƙafar, wanda a nan zan riƙa kira maɗin tsiro.

Na san mafi yawan masu karanta wannan ba su sha, kuma ba kiran kowa nake yi zuwa ga sha ba. Ilimin hatsin da ke cikin lamarin ne ya ja ni, ilimin da bai tsaya ga giya ba. Lemon malt da ake rabawa a bukukuwanmu, irin su Maltina, asalinsa ruwan tsiro ne da ba a bar yis ya taɓa ba.

Abin da ake miƙa wa masana'anta

Ƙwayar sha'ir sitaci ce cunkushe, yis kuwa ba ya cin sitaci. Shi ya sa ake jiƙa hatsin, a bar shi ya fara tsirowa na 'yan kwanaki, sannan a busar da shi tun tsiron bai cinye guzurinsa ba. A wannan ɗan lokaci ƙwayar take samar da sinadaran enzayim masu yayyanka sitaci ya koma sukari. Mai dama kunun zaƙi ta san wannan aiki da hannunta: ta dama gasara ta yi kauri, ta zuba niƙaƙƙen tsiro, ta rufe, da safe ta tarar kunun ya tsinke ya yi zaƙi alhali ba ta sa sukari ba. Abin da mai dafa giya yake yi a mazubin jiƙonsa ke nan, sai dai shi yana tsaye da ma'aunin zafi a hannu, saboda enzayim ɗin iri biyu ne kuma ba zafi ɗaya suke so ba. Beta-amilas ya fi aiki tsakanin digiri 60 da 65, yana fitar da sukarin maltos wanda yis yake cinyewa tas. Alfa-amilas ya fi son 68 zuwa 72, yana barin gutsattsarin sukari masu tsawo da yis ba ya iya ci, su ne suke saura a cikin giyar su sa ta cika baki. Digiri uku ko huɗu a wannan mataki sun isa su raba giya mai tsinkakken jiki da giya mai kauri.

Maɗin tsiro wannan aikin ne aka riga aka gama. Kamfanoni irin su Briess a jihar Wisconsin, Muntons a Ingila da Weyermann a Bamberg ta Jamus suna jiƙa tsiro a manyan tankuna, su tace ruwan zaƙin, su ƙafar da shi a tukwanen da aka zuƙe iskarsu, domin ruwan ya tafasa da ƙaramin zafi kada sukarin ya ƙone. In aka tsaya lokacin da saura kusan kashi 20 cikin 100 na ruwa, an samu maɗi mai yauƙi da ake zubawa a gwangwani. In aka fesa shi cikin iska mai zafi ya bushe, an samu gari mai laushi da ake ɗurawa a leda. Cinikinsa ya bunƙasa a Amurka lokacin haramcin giya na 1920 zuwa 1933, da manyan gidajen giya irin su Anheuser-Busch suka koma sayar da maɗi a gwangwani, mutane da yawa kuma suka riƙa dafa giya da shi a ɓoye. Bayan Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta dafa giya a gida, a watan Oktoban 1978, da gwangwanin nan kusan kowa ya fara koyo. Daga nan maɗi ya samu sunan kayan 'yan koyo, kuma har yau akwai masu ganin komawa gare shi ci baya ne.

Ni ban yarda da wannan hukunci ba, amma akwai gaskiya ɗaya a ƙarƙashinsa da dole mutuminmu ya karɓa tun daga farko. Ranar da ya sayi maɗi, ya miƙa wa masana'anta matakin jiƙo gaba ɗayansa: zafin da aka jiƙa, ruwan da aka yi amfani da shi, nau'in tsiron da aka gauraya. Ba ya da sauran ta cewa a kansu. Aikin sauya haɗin shi ne ya gano abin da kowane ɗayansu yake ba tsohuwar giyarsa, sannan ya nemo ta inda zai dawo da shi.

Lissafi

Ƙa'idar da aka fi yawo da ita ta ce kilo ɗaya na tsiro daidai yake da giram 750 na maɗi mai yauƙi, ko giram 600 na gari. Da ita, kilo 4 na Pilsner zai koma kilo 3 na maɗi ko kilo 2.4 na gari. Ba ƙarya ba ce, sai dai akwai zaton da ta ɓoye a ciki.

Masu wannan sana'a suna auna yawan sukari da nauyin ruwa. Tsantsar ruwa 1.000 ne a ma'auni, ruwan zaƙin wannan haɗi kuma 1.048, wato digiri 12 ɗin mutanen Cek. Wannan 48 ɗin su ake kira maki, in ka ninka su da lita 20 ka samu maki 960, jimillar sukarin da ake bukata. Kilo ɗaya na tsiron Pilsner, in da za a tatse shi ƙaf, zai ba da kimanin maki 308. To, ba wanda yake tatsewa ƙaf, kullum wani kaso yana tafiya da dusa. Mutuminmu kashi 70 cikin 100 yake samu da tsoffin kayansa. Kilo 4 na Pilsner maki 1,232 ne, Munich 90, Carapils 55, jimilla 1,377, kashi 70 ɗinsu kuma 964. Lissafin ya faɗa daidai kan 1.048.

Maɗi ba ya da dusa, duk abin da ka zuba ya shiga. Kilo ɗaya na gari yana ba da kimanin maki 370, na mai yauƙi kimanin 300. In ka bi diddigin waccan ƙa'ida da waɗannan alƙaluma, za ka ga ta ɗauka cewa mai haɗin yana tatsar kashi 72 ko 73. Ga mutuminmu kuskuren kaɗan ne. Amma da a ce wanda ya rubuta takardar kashi 80 yake samu, kilo huɗunsa maki 986 ne ba 862 ba, ƙa'idar kuma za ta gaza da wajen rubu'in kilo na gari, giyar ta fito da gibin maki biyar. Don haka ba daga nauyin hatsi ake fara lissafi ba, daga nauyin ruwan da ake son samu ake farawa a dawo baya: 960 a raba da 370, kilo 2.6 na gari, ko kilo 3.2 na mai yauƙi. Minti goma sun isa wannan.

Zaɓi tsakanin gari da mai yauƙi ya fi lissafin muhimmanci. Maɗi mai yauƙi yana ɗauke da ruwa, sukari da sinadaran amino suna zaune tare a cikinsa, kuma a hankali suke haɗuwa su yi duhu ko da gwangwanin a rufe yake. Wannan shi ne haɗuwar da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, ita ce take sa bayan burodi yin ja. Gwangwanin da ya yi watanni a kanti mai ɗumi zai ba ka giya mai launin shayi da wani ɗanɗano mai kama da tsohuwar alewa, wanda masu sukar maɗi suka daɗe suna kafa hujja da shi. A baƙar giya abin zai iya ɓuya. A farar laga babu inda zai ɓuya, domin ba ta da ƙamshin yis mai ƙarfi ko gasasshen tsiro da za su rufe aibi. Gari ba ya da ruwan da wannan haɗuwa take bukata, saboda haka ya fi jure ajiya nesa ba kusa ba. Mutuminmu gari zai saya, kuma wanda aka rubuta Pilsen a jikinsa. Masu launin ja ko ruwan ƙasa an riga an gauraya su da wasu nau'in tsiro da ba lallai kamfani ya faɗi adadinsu ba, wanda ya gina haɗi a kansu bai san abin da ya zuba ba.

Carapils da Munich

A kan kaurin giya, mutuminmu ya yi sa'ar salon da ya zaɓa. Maɗi ya saba barin saura, ba kasafai yake sauka ƙasa sosai ba bayan yis ya gama aiki. Lagar Cek kuwa dama haka take: ƙa'idojin BJCP, ƙungiyar alƙalan gasar giya ta Amurka, sun sa nauyinta na ƙarshe tsakanin 1.013 da 1.017, Pilsner Urquell kanta kuma, wato ainihin lagar garin Pilsen, barasarta kashi 4.4 ce kawai duk da sukarin da ta fara da shi. Abin da zai zama aibi a wani salon, a nan ya dace. Wannan ya sa Carapils ya fita daga haɗin. Aikinsa dama shi ne ƙara jiki da kumfa, maɗin ya riga ya zo da jikin, wasu kamfanonin ma sun sa ɗan Carapils a cikin garin maɗinsu nau'in Pilsen. Da a ce lagar arewacin Jamus yake bi, wadda ake son zaƙinta ya ƙare sarai, sai ya yi akasin haka, ya cire kashi 5 zuwa 10 na garin ya maye gurbinsa da sukarin gulukos wanda yis zai cinye duka.

Munich ne ya fi ɗaure kai, kuma a nan masu sauya haɗi suka fi tuntuɓe. Akwai nau'in tsiro da ake kira kiristal ko karamel, wanda aka ɗumama shi yana jiƙe a masana'anta har sitacinsa ya koma sukari a cikin ɓawonsa. Irin wannan sai dai a ƙulla shi a jakar yadi a tsoma cikin ruwan zafi na rabin awa, launi da zaƙi su fito. Masu maɗi sun saba da wannan, sai su ɗauka kowane tsiro haka ake masa. Munich ba haka yake ba. An busar da shi ne kawai da zafin da ya fi na Pilsner, cikinsa har yanzu sitaci ne. Wanda ya tsoma giram 300 a cikin lita 10 na ruwa ya tsinka enzayim ɗin har ba su iya aiki sosai, ya wanko ɗanyen sitaci cikin tukunya, wanda yis ba zai ci ba, zai zauna ya gurɓata giyar da hazo ya kuma zama abincin ƙwayoyin da ba a gayyata ba.

Ga kuma wani abu da ba a rubuce yake a jerin kayan ba. A garejinsa, mutuminmu yana bin tsohuwar hanyar mutanen Cek da Bavariya: ya ɗebi kusan sulusin jiƙon, ɓangaren mai kauri, ya tafasa shi dabam a wata tukunya yana juyawa, ya mayar cikin uwar jiƙon domin zafinta ya hau mataki na gaba. Shi sau biyu yake yi, a gidan Pilsner Urquell sau uku ake yi har yau. An ƙirƙiro hanyar ne a zamanin da tsiro bai da inganci kuma ma'aunin zafi bai wadata ba, amma tafasa hatsin da kansa yana ƙara launi da wani ɗanɗano na ɓawon burodi. Masu harkar suna jayayya a kan girman wannan bambanci, wasu suna cewa in aka rufe wa mutum ido ba zai gane ba. Ko ma yaya ne, launin a fili yake, kuma giyar da mutuminmu ya sani tana ɗauke da shi. Garin maɗin Pilsen tsantsa zai ba shi giya mai tsabta amma fayau, kamar an cire mata wani abu daga tsakiya.

Maganin matsalolin biyu ɗaya ne, ƙaramin jiƙo wanda kicin zai iya ɗauka. Munich giram 300, tsiron Pilsner giram 300 domin ya kawo ƙarin enzayim, da giram 100 na tsiron melanoidin, wanda ake yi musamman don ya ba da ɗanɗanon da tafasa jiƙo yake bayarwa. Giram 700 ke nan a jakar yadi, cikin lita biyu da ɗan kai na ruwa mai zafin digiri 72, wanda in hatsin ya shiga zai sauko wajen 66 ko 67. A rufe tukunyar a naɗe ta da bargo minti 45. In ana son tabbaci, a ɗiga ɗan ruwan a farin faranti a sa masa ɗigon aidin: in ya koma shuɗi mai duhu da sauran sitaci, in launin bai sauya ba aiki ya kammala. A ɗaga jakar, a ɗauraye ta da lita guda na ruwan da bai wuce digiri 77 ba, domin fiye da haka yana fito da baurin ɓawo. Jiƙon jaka ba ya tatsa kamar babban mazubi, in aka ƙaddara kashi 60 za a samu kimanin maki 126. A cire su daga 960, saura 834, wato kilo 2.25 na gari.

Wasu za su ce wannan ya daina zama haɗin maɗi tsantsa. Haka ne, kuma akwai maɗin Munich a kasuwa ga wanda ba ya son taɓa hatsi sam, sai dai ya lura cewa yawanci gauraye yake da farin tsiro, ba Munich zalla ba, dole ya ƙara adadi. Ni dai a ganina minti 45 ɗin nan su ne mafi riba a duk ranar, domin su kaɗai ne suke shigo da ƙamshin sabon hatsi cikin tukunyar da sauran kayanta suka kwana a leda.

Tukunyar lita 15

Murhun kicin da ƙyar yake riƙe tafasar lita 11 ko 12. Mutuminmu zai tafasa rabin ruwan ne, ya gama da lita 10, ya cike da ruwan sanyi. In ya juye duk garin tun farko, nauyin abin da ke tukunyar zai kai 1.096, ninkin na asali. Awa guda a kan wuta da wannan kauri zai mayar da zinariya ta koma jan ƙarfe, ɗacin hop kuma ba ya fita sosai a ruwa mai kauri haka. Dabarar ita ce raba garin: kilo ɗaya tare da ruwan ƙaramin jiƙon a farko, wanda zai sa nauyin tukunyar kusa da 1.048 na asali, sauran kilo 1.25 kuma sai saura minti 10 a sauke. Maɗi an riga an dafa shi, minti goman nan don kashe ƙwayoyin cuta ne kawai. Lokacin zubawa a janye tukunyar daga wuta, kuma gara a fara kwaɓa garin da ruwan sanyi, domin da tururi ya taɓa shi yake dunƙulewa, abin da ya nutse ƙasa kuma ya kama ya ƙone. Ƙaurin ƙonannen sukari ba ya fita daga farar laga.

Tsawon tafasa ma ya ragu. Tsohuwar takardar ta ce minti 90, saboda tsiron Pilsner yana ɗauke da sinadarin da yake komawa DMS, mai warin dafaffen masara, wanda sai doguwar tafasa a buɗe take kore shi. Ƙafarwar masana'anta ta riga ta yi wannan aiki. Minti 60 sun isa, kuma don hop ake yinsu.

Hop ɗin kuwa yana da tasa matsalar. Saaz, wanda ake nomawa a kewayen garin Zatec na ƙasar Cek, ƙamshi gare shi amma ɗacinsa kaɗan ne, sinadarin alfa mai ba da ɗaci a cikinsa wajen kashi 3 zuwa 4 ne. Shi ya sa takardar ta ci giram 130: 60 a farko, 40 saura minti 30, 30 saura minti 5, domin a kai ma'aunin ɗaci na IBU 40. Tunda za a tsinka abin da ke tukunyar da ruwa daidai yawansa, sai ɗacin cikinta ya kai 80 kafin a samu 40 a ƙarshe, alhali abin da ruwan zaƙi yake iya riƙewa bai wuce wajen 100 ba, kuma tun kafin a kai can fitar ɗacin take raguwa. Ban da haka, giram 130 na hop suna shanye kusan lita guda na ruwa. A babbar tukunya wannan asarar maki 48 ce. A ƙaramar tukunyar da aka gama da 1.096, maki 96 ne, kashi ɗaya cikin goma na duk sukarin. Mutane da yawa suna yin lissafin gari daidai, su rasa inda makinsu suka tafi, ashe suna cikin tukar hop ɗin da suka zubar.

Mutuminmu zai maye giram 60 na farko da giram 20 na Magnum, hop ɗin Jamus mai alfa wajen kashi 13, wanda ɗacinsa ba ya da kaifi kuma ba ya barin ƙamshin kansa bayan awa guda a wuta. Saaz na minti 30 da na minti 5 suna nan yadda suke, su ne hanci yake ji. A ƙarshe ya tace ta rariya mai tsabta, ya bi tukar da ɗan ruwan cikon don ya kwato abin da ta riƙe. Masu tsananin bin asali za su ce ɗacin Saaz zalla ya fi laushi, kuma ina ganin suna da gaskiya. Wanda wannan ya dama, sai ya samu tukunya ta biyu ya raba tafasar a kan idon murhu biyu, ya riƙe Saaz ɗinsa duka.

Ruwan Pilsen ya yi suna da rashin gishirin ƙasa, kalshiyam ɗinsa bai kai miligiram 10 a lita ba, shi ya sa ɗaci mai yawa yake zama da daɗi a giyar garin. A garejinsa mutuminmu yana gyara ruwa don enzayim su ji daɗin aiki. Yanzu babu wannan bukata, kuma gishirin ruwan masana'anta yana nan a cikin garin, ruwan ne kawai ya tashi. In ya ƙara ruwan famfo mai nauyi a kai, gishiri ya zama biyu, ɗacin ya yi kaushi, ga kulorin da yake haɗuwa da sinadaran tsiro ya ba da warin magani. Tataccen ruwa na jarka zai saya, marar komai a ciki, kuma ba zai ƙara masa komai ba.

Ruwan cikon nan ya zo masa da wata riba da bai da ita a da. Lita 10 ɗin za su kwana a firiji su sauka digiri 1 ko 2. Tukunyar ya sa ta a kwatamin wanke-wanke da ƙanƙara har ta sauko 20. In ya haɗa su ya samu wajen digiri 11, daidai inda ake son zuba yis ɗin laga, ba tare da na'urar sanyaya ba. Sai dai ya jijjiga sosai kafin ya auna, domin ruwan zaƙi mai nauyi yana kwanciya a ƙasa, ma'auni ya nuna masa 1.030 daga sama ya tayar masa da hankali a banza. Da maɗi, in nauyin gari da yawan ruwa daidai ne, lissafi ya fi ma'aunin da aka tsoma cikin ruwan da bai gauraya ba gaskiya.

Daga nan zuwa ƙarshe babu abin da ya sauya daga tsohuwar takardar, kuma a nan ne nake ganin an fi zaluntar maɗi. Yis ɗin laga, Saccharomyces pastorianus, ruwa biyu ne, ya gaji jure sanyi daga wani yis na daji da aka gano a dazukan Patagoniya ta Kudancin Amurka a 2011. A sanyi yake aiki da tsabta, amma a hankali yake hayayyafa, don haka ana zuba shi da yawa, kimanin ninki biyu na abin da ake sa wa giyar ɗumi. Ga lita 20 mai digiri 12 ana neman ƙwayoyi wajen biliyan 360, a aikace leda biyu na busasshen W-34/70 mai giram 11.5 kowace, da ɗan abincin yis, saboda maɗi yakan gaza sabon ruwan tsiro a sinadaran da yis yake ginuwa da su. A riƙe shi a digiri 10, in ya ci kashi uku cikin huɗu na aikinsa a ɗaga zuwa 16 ko 18 na kwana biyu ko uku domin ya shanye dayasetil mai warin man shanu, sannan a sauke zuwa digiri 1 ko 2 na mako huɗu zuwa shida. Ɗan koyon da ya fara da maɗi galibi shi ne kuma wanda ba ya da firiji, yake amfani da tsohon gwangwani da ruwan famfo da 'yar ledar yis guda ɗaya, ya ajiye bokitin a kusurwar ɗaki mai digiri 22. Giyar ta fito da warin 'ya'yan itace da ɗanɗanon alewa, a ce laifin maɗi ne, alhali abubuwa huɗu cikin biyar ba su shafe shi ba. Mutuminmu ya bar tukunyar lita 40 ya riƙe firiji, kuma wannan zaɓi ya fi duk lissafin da ke sama tasiri a kan abin da zai sha.

Sabuwar takardar ta tsaya haka: garin Pilsen kilo 2.25 kashi biyu, ƙaramin jiƙo na giram 700, Magnum giram 20, Saaz giram 70, tataccen ruwa, yis leda biyu. Ranar dahuwa ta sauko daga awa bakwai zuwa wajen uku. Kuɗi kuwa ya hau, domin maki ɗaya na sukari daga gari ya ninka na buhun tsiro tsada, ga kuɗin ruwan jarka. In komai ya tafi daidai, nauyin ƙarshe zai faɗa tsakanin 1.013 da 1.015, barasa kashi 4.3 zuwa 4.6. Launin zai ɗan fi na da duhu ko da an bi duk dabarun, ƙamshin hatsi kuma ba zai kai na kilo huɗu da aka niƙa da safe ba. Wannan gibin ba ya cikuwa gaba ɗaya, wanda ya san tsohuwar giyar zai ji shi in aka jera masa kofi biyu.

Tunda ba shi ya zaɓi zafin jiƙon masana'anta ba, dahuwar farko ce za ta faɗa masa halin garin da ya saya. In ta tsaya a 1.017 ko sama, a ta biyu ya cire giram 200 na gari ya sa gulukos a madadinsa. In launin ya zarce, ya rage melanoidin zuwa giram 50, ya ƙara jinkirta wani kaso na garin zuwa mintunan ƙarshe. Kuma ya tsaya kan kamfani ɗaya, domin garin Pilsen na Briess da na Muntons ba jiƙo ɗaya aka yi musu ba, in ya sauya leda gyaran da ya yi wa na farko ba zai hau kan na biyu ba.